Daga Gwiwa Zuwa Ramukan Kuza

Mu a Gwiwa ruwa nemansa ake yi. Rairayi gare mu, da gero da wake da riɗi, in damina ta ɗauke kuwa sai guga da igiya, ko layin famfon tuƙa-tuƙa. Shi ya sa da na tsaya a bakin wani tsohon ramin kuza a wajen garin Jos cikin Disambar 2023, na ga ruwa kwance babu mai gadinsa, kabeji da karas sun kewaye shi kore shar, na ce wannan kam sai na ba mutanen gida labari.

Shekarar ce ta tura ni can. A farkonta na aurar da 'yar farina, daidai lokacin da aka canza takardun Naira, kuɗi suka ɓace. Sadakin ma ta waya aka turo shi, dattawa na zaune a kan tabarma suna jiran saƙo ya shigo kafin liman ya ɗaura. Kuɗin goro sai da na aika yaro Kazaure ya wuni a gindin mai POS. Bayan ƙaramar Sallah na ajiye alli, na yi ritaya daga koyarwa. Ban gama sabawa da zaman ba sai ga jawabin 29 ga Mayu, aka janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haura 500. Na jingine babur a zaure, na kakkaɓe tsohon kekena. Zaman majalisa bai karɓe ni ba, don hirar ba ta wuce tsadar masara da juyin mulkin Nijar, sai na kewaye kangon bayan gida da kara, na shiga dashen mangwaro da gwaiba da zogale. Rabinsu gara ta cinye, sauran awaki suka taimaka mata.

A al'adarmu haihuwar fari a gida ake yinta, yarinya ta zo goyon ciki, ta yi wankan jego a gaban uwarta. Wannan karon mijin ya ce kuɗin mota da nisan asibiti ba za su bari ba, sai uwar ce ta tafi wurinta a Jos. Na ji zafin abin, na haɗiye. Da aka yi arba'in aka matsa mini in je in ga jika.

Daga Kazaure zuwa Dambatta zuwa Kano babu abin faɗa. Dajin Falgore kowa ya yi tsit a mota yana jan carbi. Bayan Saminaka motar ta fara tari, muka shiga Jos dare ya raba. Ni kuwa ba zan ƙwanƙwasa ƙofar suruki da tsakar dare ba, balle in kwana a gidansa, ko da rana tsaka ce. Wani ɗan acaɓa ya kai ni masauki kusa da tasha.

Allah Ya raba Musulmi da irin wannan ɗaki. Tagar babu gilashi, kwali aka manna. Bargon ya fi kama da matacin koko. Na nemi buta, yaron ya kawo mini robar fenti, ruwan ciki kuwa da na taɓa sai da yatsuna suka ƙage. Muna taƙama da hunturunmu, amma namu da hantsi yake sallama. Jos tana kan tudu sama da mita 1,200, sanyinta har cikin ƙashi yake bi. Ga kiɗa daga mashayar da ke maƙwabtaka har kiran assalatu, ga kuɗin cizo da sanyin bai hana su aiki ba. A zaune na kwana, da babbar riga da rawani.

Da safe surukina ya zo, ya durƙusa har ƙasa. "Baba, ai da ka kira ni." Na ce masa ba komai. Na ga jika, namiji ne, an sa masa sunana, na yi masa addu'a na fito. Uwar tasa muka gaisa daga bakin ƙofa, ita kanta a ƙasa, ni ina kallon bango. Maƙwabta suka yi ta mamaki wai uba bai zauna ya ci abinci a ɗakin 'yarsa ba. Su yi ta yi. Kunya ba ciwo ba ce.

Limamin unguwar ya haɗa ni da wani dattijo mai lambu, ya ce a wurinsa zan sauka. Da ya ji daga ƙasar Kazaure nake, sai ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Mahaifinsa daga wajen Daura aka kawo shi, a shekarun 1942 zuwa 1944, lokacin da Turawa suka tilasta wa sarakuna tara musu leburori don haƙar kuzar yaƙi. Da yawa sanyi da yunwa suka kashe su. Shi ya tsira, bai koma ba. Da kasuwar kuza ta mutu, ramukan suka cika da ruwan sama, 'ya'yan leburori suka sa injin ban-ruwa suka hau noman rani, suna kai kaya kasuwar Farin Gada.

Ya shimfiɗa mini a ɗakinsa, ya sa aka kawo kasko da garwashi, da gwaten acca mai zafi. Gaskiya gwaten ya yi, amma ruwa-ruwa ne, awa ɗaya ka ji kamar ba ka ci ba. Tuwon gero da miyar kuka ba su da magaji. Furarsu kuwa ban ce komai ba, don ina gidan mutane.

A lambun na ba shi labarin dashena, ya yi dariya har da tari. "Malam, kai ƙwallo kake binnewa kana jiran Allah Ya ba ka ɗan aure?" Ya zaro reza, ya yanko reshe mai kaurin fensir daga uwa mai kyau, ya fiƙe gindinsa gefe biyu, ya tsaga kan ƙaramin dashe, ya cusa, ya naɗe da leda tsam. Ya ce ɓawo ya haɗu da ɓawo, in ba haka ba aikin banza ne, kuma duk tohon da ya fito ƙasa da ɗaurin a cire shi. Gara kuwa toka zan zuba, in daina tara ɗanyen taki a gindi. Ya sa na yi da hannuna yana tsaye a kaina yana cewa "Sake," kamar yadda na yi wa 'ya'yan mutane shekara da shekaru. Na ce, "Baba, nawa ne kuɗin makaranta?" Ya ce in na ƙara wannan magana in koma masaukin tasha.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Da zan fita yawo, sai da ya lissafa mini unguwannin da zan shiga da waɗanda ba zan shiga ba, ya ce tun rikicin 2001 haka garin ya rabu. A Gwiwa baƙo ba ya buƙatar wannan karatu.

An kai ni gidan tarihi da gidan namun daji, na ga kangon kasuwar Taminus da ta ƙone a 2002. Duwatsun kuwa, wanda ya saba ganin na Roni da Kazaure ba zai daɗe yana ɗaga kai ba. Na sayi buhun dankali, dattijo ya naɗe mini rassa a jiƙaƙƙen tsumma, na hau motar asuba. A Kano aka ce kuɗin motar Kazaure ya sake ƙaruwa.