Ungulun da ɗana bai taɓa gani ba



Kwanakin baya aka cuci ɗana a cinikin wani tsohon keke, na ce masa ai an yi masa ungulu da kan zabo. Ya yi shiru, can sai ya ce, "Baba, wai ita ungulun nan yaya kamanninta?" Shekarunsa 12, a nan Ikara aka haife shi. Na buɗe baki zan yi masa dariya, sai na tambayi kaina rabona da ganin ungulu. Na kasa tunawa.

Lokacin da muke yara, ranar kasuwa ba ka rasa su a mahauta, sun jeru a kan kuka suna jiran mahauta su zubar da abin da ba a so. Jifansu muke yi. Ni ma ina da danƙo a aljihu, kuma ban bar kurciya ta huta ba. Babu wanda ya taɓa tunanin ɗaukar hotonsu. Wa zai ɓata kuɗin hoto a kan kazama?

Wani saurayi cikin zumuntarmu, ɗalibi a Zariya, shi ya fitar da ni kunya. Ya nuna mana hoton ungulu da ya ɗauka a wata tafiya jihar Filato. Ya ce ya fi awa biyu a zaune a gindin dutse, bai ko iya korar ƙuda ba, har hasken yamma ya sauka a gefen fuskarta. Na karɓi wayar na daɗe ina kallo. Fuskar ruwan hoda ce, ƙeyar da lallausan gashi kamar an sa mata hula, bakin siriri. Shekara nawa na yi ina ganin tsuntsuwar nan a gari, ban taɓa sanin launin fuskarta ba sai a hoto. Mai jifa jiki kawai yake nema. Mai hoto dole ya san inda take kwana, da lokacin da take sauka, da yadda rana za ta bugi idonta, kuma in ya gama ya tashi ya bar ta da ranta.

Tun 2015 ƙungiyar IUCN ta sa irin wannan ungulu cikin halittun da ke gab da ƙarewa. Kamun da ake yi musu don sayar da kai da ƙafafu ga masu tsibbu ya ci su, ga guba da ake zubawa a mushe, ga manyan itatuwan da suke sheƙa mun sare mun yi gawayi. Ƙwai ɗaya tak take yi, don haka asarar ba ta saurin cikewa. Aikin da take yi mana kyauta, na kwashe mushe kafin ya ruɓe, yanzu karnuka da ƙudaje ne suka gada.

A makarantar tauhidi na koyi cewa Littafin Firistoci sura 11 ya haramta cin ungulu, na kuma rubuta jarrabawa a kan Farawa 2:15, inda aka danƙa wa Adamu gonar ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Na yi wa'azi a kan noman sau da yawa. Kiyayewar, gaskiya, na tsallake ta. Haramcin ma na ci ne, babu inda aka ce a ƙarar da ita.

Damina na tafe, shamuwa za ta dawo kan tsamiya, balbela na bin shanu a fadamun rake na Makarfi da Kudan. Ɗana ya roƙe ni aron wayata ranar Asabar da sassafe. Na amince, bisa sharaɗin danƙonsa ya kwana a aljihuna.