BANƊAKIN DA MAI GIDA BA YA IYA SHIGA

Tun 2019 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da gangamin hana bahaya a fili, aka sa 2025 a matsayin wa'adi. A 2022 kuma aka ayyana maƙwabciyarmu Jigawa a matsayin jihar farko da ta rabu da wannan ɗabi'a. Madalla. Amma duk 19 ga Nuwamba, ranar banɗaki ta duniya, lissafi ɗaya nake ji: gida nawa ne ke da masai. Ba na jin mai tambayar ko kowa a gidan yana iya shigarsa.

Ku duba gidajenmu na Tofa, daga Doka har Lambu da Yarimawa. Masai yana can ƙuryar gida, bayan turken dabbobi. Ƙofa matsattsiya, dokin ƙofa mai tsayi, babu rufi, da damina kuma ga santsi. An yi shi ne don mai lafiyar gwiwa, wanda zai tsuguna ya miƙe da kansa.

Baffana manomi ne. Hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki, aka sallamo shi yana jan ƙafa da sanda. Bayan 'yan kwanaki Inna ta lura ya rage cin tuwo, ruwa ma sai an matsa masa. Ashe kunya ce. Mutumin da ya aurar da 'ya'ya, a ce sai an kira yara biyu sun ciccibe shi sun ratsa tsakar gida a gaban surukai? Gara masa ƙishirwa. Ga kuma damuwar tsarki, don yana tsoron yin salla da najasa a tufafi.

Abin da muka yi ba wani babban aiki ba ne. Magini ya fasa dokin ƙofar, ya zuba gangare na siminti mai kaushi, duk inci 1 na tudu ya ba shi ƙafa 1 ta tsawo, don kada ya yi tsaye da yawa. Ya faɗaɗa ƙofar ta kai ƙafa 3, yadda ko keken guragu zai shige. Kyauren kuma muka juya shi yana buɗewa ta waje, saboda in mutum ya faɗi a ciki kada jikinsa ya tokare ƙofa. Kafinta ya yi kujerar katako mai rami a tsakiya, tsayinta kamar inci 18, aka kafa ta kan bakin masai, da murfi. Mai walda ya kafa bututun ƙarfe a bango ta ɓangaren hannunsa mai lafiya. Buta ta samu ɗan dakali kusa da hannu, muka rataye fitila mai sola. Tayil kam mun ƙi shi, da ya jiƙe sai santsi.

Wallahi duka kuɗin bai kai na buhun taki biyu ba. Cikin mako guda Baffa ya koma shan ruwansa ba tare da an roƙe shi ba.

Na san a Janairun 2019 Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shigarsu. To amma babu jami'in da zai wuce soron gidanka ya auna ƙofar masai. Wannan aikinmu ne, mu 'ya'ya da jikoki.

Don haka jama'a, duk mai tsoho a gida, ko mai ciwon gwiwa, ko wanda shan inna ya taɓa, ko mace mai tsohon ciki, yau ya je ya tsaya a bakin banɗakinsu ya duba da kyau. Ba za su faɗa maka ba, kunya ba za ta bari ba. Mai sabon gini kuma ya gaya wa magininsa tun kafin a ɗora bulo, don gyara daga baya ya fi tsada. Kwamitocin masallatanmu ma su duba nasu banɗakunan da wurin alwala.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.