Gizo Na Da Ɗakinsa, Kundi Na Da Nasa

Gardamar ta tashi ne a tsakar gidanmu a Gadarif, bayan sallar isha'i, a wani daren kaka lokacin yankan riɗi. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, musamman bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar wannan shekarar, gidan ya cika da 'yan uwa masu gudun hijira. Cikinsu akwai ɗan ƙanwarmu, yaro ɗan shekara goma sha huɗu, wanda karatu ya tsaya masa, ya duƙufa kan waya da wasan Minecraft.

Yaron ya ƙaga labari a kan wasan: wani magini ya ƙetare hamada da jakar iri a kafaɗa, ya kafa gari a kan baƙar ƙasa. Burinsa ya saka labarin a kundin bayanan wasan, wanda masu buga shi daga ko'ina a duniya suke haɗuwa su rubuta, kowa na iya ƙarawa ko gyarawa. Yayarsa ta ce kada ya wahalar da kansa, kafin asuba an goge, domin kundin na abin da ke cikin wasan ne kawai. Sai ya juyo gare mu ya ce, "Kawu, shi wasan ba mutum ne ya ƙaga shi ba? Don me ƙagen wani ya zama ilimi, nawa kuwa ya zama shara?"

Mun yi shiru, domin tambayar ba ta yara ba ce. Gaskiya ya faɗa: wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Markus Persson ne ya fara sakin wasan a 2009, kuma duk abin da ke cikinsa daga kan mutum ya fito. Amma da muka sa ya nuna mana kundin, sai muka gane inda gizo ke saƙar. Wanda ya buɗe shi yana neman ya san, alal misali, cewa ƙarfe uku da sanda biyu ake haɗawa a ƙera diga. Kowa na iya shiga wasan ya gwada, ya gani ko haka ne. Wannan ita ce amanar da ke riƙe da kundin. Idan aka cusa maginin ɗanmu a ciki, wani yaro a wata ƙasa zai kwana yana neman garin da babu shi.

Yayar ce ta ba mu labarin Herobrine. A 2010 wasu masu buga wasan suka yaɗa cewa akwai wata fatalwa mai fararen idanu da ke yawo a cikinsa, har aka ce ɗan uwan Persson ne da ya rasu. Bai taɓa kasancewa a wasan ba, Persson ma ya musanta batun ɗan uwan. Amma labarin ya yi farin jini har masu wasan suka riƙa barkwancin cewa sun cire shi a duk lokacin da suka sabunta wasan. Kundin bai kore shi ba. Ya ba shi shafi, ya kuma bayyana tun a farko cewa almara ce da masoya suka ƙaga, ga inda ta samo asali, ga yadda ta bazu. Ƙagen ya samu shiga, amma da sunansa na gaskiya a goshi.

A nan muka tuna cewa iyayenmu sun riga kowa sanin wannan doka. Mai tatsuniya ba ta fara magana sai ta ce ga ta nan ga ta nanku, ba ta kuma tashi sai ta rufe da ƙurunƙus, ta ɗora wa Gizo alhakin ƙaryar. Ba a ma yin ta da rana. Malami kuwa idan zai kawo labari a zaure, sai ya ce wane ya ji daga wane. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Dare Dubu Da Ɗaya da littattafan Turawa, ya sa musu riga da hula a Magana Jari Ce, kuma ba mu taɓa jin wanda ya raina littafin don ba tarihi ba ne. Ƙirƙira daban, ƙarya daban. Ƙirƙira tana zama ƙarya ne a ranar da ta ari rigar shaida.

Abin da ya sa maganar ta taɓa mu shi ne, mu ma muna da namu kundin. Tun da hijira ta tara tsofaffin dangi wuri guda, muka ɗauki littafi muna rubuta yadda kakanninmu suka zo Sudan. Akwai abin da ya tabbata: an yi yaƙin Burmi a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a can, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a gabas har suka kafa garin Maiwurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Kafin su da bayansu, mahajjata sun bi wannan hanya da ƙafa shekara da shekaru, suna tsayawa su yi noma su samu guzuri, da yawa kuma ƙasar ta riƙe su. Akwai kuma abin da baki ya ƙawata. Kowane gida na son a ce kakansa ne ya riƙe likkafar Sarkin Musulmi a Burmi. Da za a ƙirga su, da dokin ya buƙaci likkafa ɗari. Goggonmu ta rantse kakanmu ya ƙetare kogi a kan buzun sallarsa. Abin da dattawa uku suka haɗu a kai kuwa shi ne, alhaji ne mai ƙaramin ƙarfi da ya iso shekaru bayan Burmi, ya yi ƙwadago a gonakin dawa har ya mallaki tasa.

Wani zai ce mene ne laifi idan an ɗan ƙara gishiri? Laifin muna gani da idonmu. A watan Yulin 2022, da rikici ya tashi a jihar Shuɗin Nilu, batun ƙasa da sarauta da tambayar wane ne ɗan gari su ne a ƙarƙashinsa, kuma Hausawa sun fito zanga-zanga a nan Gadarif da Kasala da Khartum. Al'ummar da ake tuhumar zamanta ba ta da sukunin wasa da shaidarta. Mai son musanta mu layi ɗaya na ƙage yake nema don ya watsar da shafi ɗari na gaskiya. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Duk da haka ba mu yarda a zubar da buzun Goggo ba. Bai gaya mana yadda aka ƙetare kogi ba, amma ya gaya mana yadda mutanen da suka rasa komai suka kalli tsirarsu. Saboda haka muka sayo littafi na biyu. Na farko na abin da ke da mashaidi ko takarda, da sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa. Na biyu na hira da almara, kowacce da sunan mai ita a samanta.

A daren da muka buɗe shi, muka sa yaron ya karanta labarinsa a gaban kowa. Da ya kai inda maginin ya waiwaya bai ga hayaƙin garinsu ba, mahaifiyarsa ta rufe fuska da mayafi. Ba wanda ya tambayi ko haka abin yake a cikin wasan. Yanzu littafi na biyu yana hannunsa, kuma da Goggo ta fara labari yakan ɗaga alƙalami ya ce, "Kaka, wannan gani kika yi, ko ji kika yi?"