Sabon Murhun Banda da Naman Sunan Jikana

 Ni manomi ne. Garinmu yana kusa da tafkin Madarunfa. Da rani nakan sayi tarwaɗa wurin masunta, in yi banda, in kai kasuwa. Labarin wani murhu zan ba ka, da kunyar da na sha a kansa.

Wanga murhu na mutanen Amurka ne. A jihohin Teksas da Oklahoma akwai rijiyoyin man fetur, kuma masu walda na can suna ƙera shi da manyan bututun ƙarfe na aikin mai. Ƙanena mai walda ne a Maraɗi. Shi ya nuna mini hotonsa cikin salula. Ɗaki 2 gare shi. Babban ɗakin a kwance yake, cikinsa akwai raga inda ake shimfiɗa nama. Ƙaramin ɗakin na wuta ne, yana manne a gefe, ƙasa-ƙasa da babban, don zafi sama yake tashi. A ɗaya gefen akwai bututun hayaƙi. Zafi da hayaƙi su shiga ta nan, su bi kan nama, su fita ta can. Harshen wuta ba ya taɓa nama.

Da na gani sai na ce, ai wanga ragon layya ne anka sa wa rufi. Ka san yadda muke yi. Mu gicciye rago bisa sanduna, mu kafa shi gefen wuta, zafi ya riƙa zuwa mishi a hankali har dare. Dabarar ɗaya ce. Tasu dai ba ta cin icce kamar tamu, ƙura kuma ba ta sauka bisa nama.

Na sayar da buhu 2 na wake. Munka sayi tano mai cin lita 200, wanda wasu ke kira duro. Man inji anka taɓa zubawa cikinsa. Kafin ƙanena ya yanka shi, sai da ya wanke shi ya cika shi da ruwa. Ya ce tanon da ya taɓa ɗaukar mai yana iya fashewa in wutar walda ta taɓa shi. Ya kuma ce tanon maganin ƙwari ba a yin murhu da shi sam, ko an wanke sau goma. Haka kwanon rufi mai shafin tutiya, in ya yi zafi hayaƙinsa yana sa ciwo.

Ranar da ya ɗora mini murhun bisa amalanke, ya ce: "Yaya, kada ka sa abinci ciki sai ka ƙona shi ba komi, ka shafe shi da mai, ka sake ƙona shi." Na ce to.

Washegari sunan jikana na fari. Na riga na sayi bunsuru, na kuma gaya wa rabin gari za su ci naman da ba su taɓa cin irinsa ba. Na duba rana, na ga babu lokaci. Na ɗauraye tano da ruwa, na hura wuta da asuba, na jera nama. Ba a jima ba fenti ya fara kumbura yana ɓarewa. Wani hayaƙi mai kauri ya tashi, yana wari kamar tashar mota. Na ce zai wuce.

Da azahar na buɗe. Naman ya yi baƙi, yana ƙyalli. Na yanka kaɗan na sa baki, sai ɗaci da warin mai. Surukina yana zaune bisa tabarma da mutanensa, sun zo daga nesa. Mai ɗakina ta zo ta ɗanɗana, ta tofar. Ta ce: "Malam, ko sabuwar tukunyar ƙasa ba a fara miyar baƙi cikinta." Ba ta ƙara ba. Ta sa yara sunka kamo zabinta 5 da take tattali don sayen kayan ɗiyarmu, anka yanka. Bunsurun kuwa rami na gina na binne shi, don ko kare ban yarda ya ci ba.

Kwana 10 ban kalli murhun ba. Daga baya na yi abin da anka ce in yi tun farko. Ga yadda na yi.

Na fitar da shi bayan gari, nesa da danni da rumbu. Na cika duka ɗakunan da kara da busasshen icce, na sa wuta babba, na koma inda iska ba ta kawo mini hayaƙi. Sai da fenti ya ƙone duka, ciki da waje. Da ya huce na goge shi da yashi da soson ƙarfe har ƙarfen ya fito. Na wanke da sabulu da ruwan zafi, na shanya shi ga rana ya bushe sarai. Sa'an nan na jiƙa tsumma da man gyaɗa, na shafe ko'ina: bango, murfi, raga, har cikin bututu. Shafi kaɗan ake yi, kamar mai shafa wa jariri. In ya yi yawa sai ya daskare ya yi danƙo.

Na sake hura wuta, wannan karo a ƙaramin ɗaki kaɗai, ƴar daidai. Na bar ta awa 4, murfi rufe, bututu buɗe. Zafi yana gasa man, ya bi jikin ƙarfe ya zama baƙin shafi mai tauri, irin na tsohon kaskon tuya. Shi ke tare tsatsa. Wutar nan ta kuma nuna mini inda murhun ke yoyon hayaƙi. Bakin murfi ne, da mahaɗin ɗakunan. Ƙanena ya daidaita murfin, ni kuma na liƙe ƙananan kafofi da yumɓu.

Wurin ajiye shi ma da magana. Ƙasa ta zama daidai, amma gefen bututu ya ɗan sunkuya. A huda ƙaramin rami a nan, a rataya gwangwani. Kitse ya bi can ya ɗiga. In ya gangara wajen wuta, murhun duka kamawa zai yi.

Koyon wuta shi ya fi cin lokaci. Mutanen Amurka suna riƙe zafin wajen 110 zuwa 120 a ma'aunin da ruwa ke tafasa a 100. Ni ba ni da ma'auni. Hayaƙi nike kallo. In ya fito fari mai kauri, wuta tana neman iska ko iccen ɗanye ne, kuma wanga hayaƙi shi ke sa ɗaci. In ya fito siriri, shuɗi-shuɗi, da ƙyar kake ganinsa, to sa namanka. Bututu a buɗe nike barinsa kullum. Da ƙofar ɗakin wuta nike ƙara iska ko in rage. Ina fara wa da garwashi, in riƙa ƙara icce guda guda. Busasshen kirya da marke sun fi yi mini. Tumfafiya da katako mai fenti da leda ba su shiga. Gefen da ke kusa da wuta ya fi zafi, don haka manyan tsoka nan, ƙananan kifi can nesa.

Abu guda kada ya ruɗe ka. Naman da ya yi laushi a murhun nan na ci ne a ranar. Bandar ajiya sai an rage wuta, an daɗe, har ruwan jikin kifi ya fita ya bushe.

Duk ranar da na gama aiki, in murhu ya huce, ina kwashe toka. Toka in ta sha raɓa tana cin ƙarfe, ta huda gindin ɗakin wuta. Ina kankare kitse daga raga, in zubar da gwangwani, in bi da tsumman mai. Ban ƙara wanke cikinsa da sabulu ba, don kada baƙin shafin ya tafi. In na ga jan tsatsa, in goge, in shafa mai, in sa wuta kaɗan. Da damina yana ƙarƙashin rumfa bisa duwatsu.

Tano ba shi da kauri. Na Amurka masu kyau ƙarfensu ya kai milimita 6, shi ya sa suke riƙe zafi. Nawa, in iskar hunturu ta taso, sai na kafa mishi kariya ta tubali. Bana damina 3 ke nan yana aiki. Gindin ɗakin wutar ya fara sirancewa, ƙanena ya ce in kawo bayan girbi ya sa mishi faranti mai kauri. Zabin mai ɗakina na biya 4 da kuɗin tarwaɗa. Saura 1, kuma ba ta manta ba.