Badalar Da Ke Bakin Yara

Duk wanda ya tashi daga Kasuwar Kurmi da ƙafa, ya fita ta Ƙofar Wambai, ya ratsa Fagge, kafin sa'a guda ta cika zai tsinci kansa a Kasuwar Sabon Gari. Amma akwai wani malamin Hausa, haifaffen cikin birnin Kano, wanda sai da ya ba shekara talatin baya bai taɓa shiga gidan wani mazaunin Sabon Gari ya sha ko da ruwa ba. Yakan je sayen littattafai da kayan babur, ya yi ciniki, ya karɓi canji, ya komo. Bai taɓa jin wannan wani abin mamaki ba ne, domin haka ya taso ya ga iyayensa suna yi.

Rabuwar tana da asali. Wajen shekarar 1913 Turawan mulkin mallaka suka yanka Sabon Gari a bayan badala, suka zaunar da ma'aikatan jirgin ƙasa da akawuna da 'yan kasuwar da suka zo daga Kudu, suka bar cikin birni a hannun Sarki da alƙalansa. Kowane ɓangare ya tashi da makarantunsa da kotunansa. A watan Mayu na 1953, a kan taƙaddamar neman mulkin kai, ɓangarorin biyu suka gwabza har kwana huɗu, hukuma ta ƙidaya gawa 36. Aka sake a 1966, aka sake a watan Oktoba na 1991 saboda zuwan mai wa'azin nan ɗan Jamus, Reinhard Bonnke. Badalar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa ta zube a wurare da dama, an yi gidaje da shaguna a kanta, amma aikin da take yi na raba na ciki da na waje bai tsaya ba.

Abin da ya farkar da malamin ya faru ne a watan Mayu na 2004. A farkon watan aka kashe ɗaruruwan Musulmi a garin Yalwa ta Jihar Filato. Ranar Talata 11 ga wata aka yi taron nuna alhini a Kano, kafin la'asar al'amari ya juye ya koma ramuwar gayya a Sharaɗa da Ɗorayi da Fanshekara da wasu unguwannin bayan gari. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce waɗanda aka kashe a Kano cikin kwana biyu sun haura 200. Da aka koma makaranta, sai malamin ya ji wani ɗalibinsa ɗan shekara goma sha huɗu, yaro mai ladabi wanda ba ya wasa da salla, yana yi wa abokansa alfahari da wata rediyo. Ya kira shi gefe ya tambaye shi inda ya samo ta.

"Malam, ai kayan arna ne," in ji yaron.

Ko ƙifta ido bai yi ba. Da a ce rediyon ta maƙwabcinsu ce, da sunan abin sata, kuma yaron ya san hukuncin sata tun yana makarantar allo. Kalma ɗaya ce ta ɗauke masa nauyin laifin gaba ɗaya. A ranar malamin ya gane cewa darasin da ya fi buƙatar koyarwa yana cikin fanninsa, ba a wani fanni ba, wato nazarin ma'ana.

Bayan rikicin sai ƙungiyoyin sa kai suka yi ta shirya tarurrukan bita a kan sasanta rikici, shi ma aka tura shi wasu. Ya ƙaru, ba a musu. Sai dai abin da ya dame shi shi ne, yawancinsu a ɗakunan taro na otal-otal ake yin su, da Turanci tsantsa, kuma fuskokin da ya gani a na farko su ya sake gani a na uku. A ci shinkafa, a sa hannu, a karɓi kuɗin mota, a ɗauki hoto. Masu halarta dama can ba su taɓa ɗaukar gora ba, su kuwa masu ɗaukar gorar suna can majalisar bakin lungu, ba su ma san ana yi ba. Ya lura kuma cewa idan an zo fassara, sai a ce "warware rikici" ga komai, kamar dai Bahaushe bai taɓa raba faɗa ba sai da aka kawo masa takarda daga Ingila.

Bai kamata a yi wa masu wannan aiki kuɗin goro ba. A cikinsu akwai waɗanda suka sauko inda yara suke. Michael Olufemi Sodipo, Bayarabe Kirista mazaunin Kano wanda tarzomar 2004 ta rutsa da shi, ya kafa ƙungiyar Peace Initiative Network a shekarar, sannan a 2006 ta buɗe kulob ɗin zaman lafiya da ɗalibai 50 daga makarantun sakandare 7, Musulmi da Kirista, ana haɗa su a ƙungiyar ƙwallo ɗaya, ana zaunar da su suna tattaunawa. A Kaduna ma, Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka yaƙi juna a rikicin 1992 har Wuye ya rasa hannu, sun haɗa kai daga 1995, kuma suna cikin waɗanda suka shiga tsakani aka ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya a Yalwa a 2005. Irin waɗannan ne suka ƙarfafa wa malamin gwiwa.

Shi ba shi da ƙungiya, ba shi da mai ɗaukar nauyi. Yana da zauren gidan mahaifinsa da tabarma biyu da allo. Ya sanar cewa zai riƙa yi wa yaran unguwa darasin jarrabawa kyauta ran Alhamis da Juma'a da yamma, lokacin da makarantun allo suke hutu. Rabin sa'ar ƙarshe kuwa ya keɓe ta ga abin da ya kira "darasin suna". Sai ya raba allo gida biyu, ya rubuta a dama "sunayen da muke kiran su", a hagu "sunayen da suke kiran mu". Yara suka cika ɓangaren dama suna dariya. Da aka zo na hagu sai dariya ta ragu, domin duk wanda yayansa ya taɓa zuwa cirani Legas ko Fatakwal ya san yadda ake furta "aboki" a can, da irin yatsinar da ke biye da ita.

A nan malamin yakan daɗe. Yakan tambaye su, mene ne aibin kalmar aboki? Babu. Tana cikin kalmomi mafi daɗi a Hausa, Bahaushe ne ya kai ta Kudu yana kiran mai sayen kayansa da ita, aka karɓe ta aka mayar masa da ita a matsayin wawa. To, "Inyamiri" fa? Bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne daga "nye m mmiri" ta fito, wato "ba ni ruwa" da harshen Ibo. Baƙo ne ya sauka daga jirgi a ƙasar zafi, ya roƙi ruwa, roƙon ya zame masa laƙabi har jikokinsa. Kowane ɓangare ke nan ya ɗauki kalmar da ɗan'uwansa ya miƙo masa cikin aminci ko cikin buƙata, ya wasa ta, ya mayar da ita wuƙa. Wata rana wata malama 'yar ƙabilar Ibo, abokiyar aikinsa wadda aka haifa a Sabon Gari, ta amsa gayyatarsa ta zo zauren. Ta yi sallama, ta gaida yaran da Hausar da ta fi ta wasunsu, ta ce wannan ne karonta na farko da ta shiga lungun cikin birni. Matar gidan ta aiko mata da ruwa a kwanon sha. Yara biyu suka haɗa ido, suka sunkuyar da kai.

Daga sunaye sai ya wuce da su kalmomin gyara, waɗanda Hausa ba ta da talaucinsu. Raba faɗa daban, sasantawa daban: na farko riƙe hannu ne kawai, na biyu sai kowa ya sassauto daga inda ya tsaya. Sulhu, wadda aka aro daga Larabci, tana buƙatar mai shiga tsakani da shaidu. Biko kuwa, wanda miji kan yi idan matarsa ta yi yaji, yana koyar da cewa wani lokaci sai ɗaya ya taka da ƙafarsa ya je gidan ɗayan. Ba da haƙuri ba ya nufin an wanke mai laifi. Yafiya ita ce ƙarshe, kuma ba a tilasta ta. Malamin yakan sa yara su kwaikwayi zaman mai unguwa a kan rikicin kwata ko iyakar gida, su lura da wanda ake fara ba dama ya yi magana, da yadda dattijo kan maimaita ƙorafin kowa da kalmomin da suka fi nasa sanyi. Wannan maimaitawar, a ganinsa, ita ce rabin sana'ar.

Wata Juma'a ya zagaya da su cikin birni suna karanta tarihi daga sunayen unguwanni: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Dandalin Turawa inda Larabawan Arewacin Afirka suka zauna, da Ayagi wadda fataken Yarabawa suka zauna tun ƙarni na 19. Duk baƙi ne a da, yanzu kuwa jikokinsu su ne Kanawan ƙwarai. Ya kuma tuna masu da wasan barkwanci tsakanin Kanawa da Zagezagi, da Fulani da Barebari, da Gobirawa da Yarabawa, inda ake zagi a fili ba a jin zafi, al'adar da hukumar UNESCO ta sa a jerin gadon al'adun duniya da sunan Jamhuriyar Nijar a 2014. Gaskiya ne Musulunci da auratayya sun sauƙaƙa wa waɗancan baƙi narkewa, abin da babu shi tsakanin birni da Sabon Gari, kuma malamin bai ɓoye wa yaran haka ba.

Ba kowa ya ji daɗin abin ba. Wani mahaifi, wanda aka kashe ƙanensa a Yalwa, ya janye 'ya'yansa uku, ya kai ƙara gaban mai unguwa cewa ana koya wa yara son kafirai.

"Ranka ya daɗe," in ji malamin, "ban ce su bar addininsu ba. Cewa na yi kayan mutum kayansa ne, ko wane ne shi."

"Malam, kai ba ka binne kowa ba," in ji mahaifin.

Malamin ya yi shiru, domin gaskiya ce. Mai unguwa ya ba kowa haƙuri, aka shafa fatiha. Yaran ba su dawo ba. Wannan ita ce iyakar da duk mai koyar da sulhu zai ci karo da ita: inda ba a hukunta wanda ya yi kisa ba, darasin aji ba ya isa ya biya jini, kuma kaɗan ne ƙwarai aka hukunta a kan Yalwa ko Kano.

A watan Janairu na 2012, lokacin zanga-zangar janye tallafin man fetur, an ga matasa Kiristoci sun kewaye Musulmi suna gadinsu yayin salla a Kano, wasu Musulmi kuma suka ziyarci majami'un Sabon Gari ran Lahadi. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 20 ga wata, bama-baman Boko Haram suka kashe mutum fiye da 180 a garin, ba su tambayi kowa sunansa ba. Malamin bai taɓa cewa zaurensa yana da hannu a abin da ya faru na alheri ba.

Shi kuwa yaron mai rediyo ya girma, yana sayar da kayan gyaran mota a Ƙofar Ruwa, kuma a wurin wani ɗan ƙabilar Ibo yake sarin kaya, sau da yawa bashi. Ranar da malamin ya je neman wani ƙarfe na babur ɗinsa ya tarar da su biyun a kan benci ɗaya suna gardamar ƙwallo. Tsohon ɗalibin ya miƙe ya rusuna, ya ce, "Malam, ga ubangidana." Bai ta da zancen rediyon ba, malamin ma bai tambaya ba.