Kwana uku cikin jirgin katako a tsibiran Lamu

Ni mutumin tudu ne. Kafin bara, ruwa mafi girma da na taɓa hayewa shi ne kogin Kwara, shi ma ta kan gada. Da wani taron masana ya kai ni Mombasa a watan Janairu, sai abokin aiki ya ja ni arewa zuwa Lamu, tsohon garin Suwahilawa a gaɓar Kenya, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2001. Lungunansa sun fi ƙarfin mota, jakuna ne ke dako. A can muka yi hayar mashuwa, jirgin katako mai filafili guda, wato babban ƙyalle mai kusurwa uku da ke kama iska.

Shugaban jirgin, wanda suke kira nahodha, dattijo ne mai ƙarancin magana. Agogonsa biyu ne: iska da cikowar teku. Daga wajejen Disamba zuwa Maris kaskazi ke busowa daga arewa maso gabas, daga bisani kusi ta karɓa daga kudu. Da su kakanninsa suka yi fatauci har ƙasar Larabawa da Indiya.

Ranar farko muka nufi kufan Takwa a tsibirin Manda, garin da aka ƙaurace wa a ƙarni na 17, ana jin saboda rijiyoyinsa sun koma gishiri. Mashigarsa siririya ce tsakanin itatuwan mikoko, masu tsira cikin ruwan teku, kuma sai teku ta ciko ake bin ta. Na shagala da kallon masallacin garin, na jinkirta mu. Muna dawowa muka tarar da jirgin kwance a laka. Dattijon bai ce uffan ba. Shirunsa ya fi faɗa ciwo. Sai tsakar dare ruwa ya ɗaga mu.

Kwanciyar nan ta buɗe wata tsaga. Da asuba na ji sanyi a duga-dugaina, aka miƙo mini yankakkiyar jarka. Digirin digirgir bai hana ni kwalfar ruwa ba har muka isa Matondoni, ƙauyen masassaƙa jirage.

A nan na ga abin da masu yawon buɗe ido ba sa tsayawa gani. Aka jingine jirgin a gaci, aka ƙwaƙule ruɓaɓɓiyar audugar da ke tsakanin katakai, aka jiƙa sabuwa da man kwakwa, aka dinga cusa ta da kurfi da guduma, taƙi bayan taƙi. Ƙasan jirgin aka shafe da farar ƙasa da kitse, saboda wata tsutsar teku da ke cin katako kamar yadda gara ke cin azara. Sama kuma man hantar kifin shak, mai warin da bai bar rigata ba har yau. Sai na tuna yaɓen gidanmu gabanin damina: shekarar da aka tsallake, katanga ce ke biya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne duk masu riƙe da kurfin furfura gare su. Na ce, "Baba, ina yaranku?" Ya nuna teku da haɓa. Ɗansa na tuƙa jirgin roba mai inji, wanda ba ya jiran iska, tsutsa kuma ba ta cinsa. Ban ga laifin yaron ba. Iyali gare shi.

Ranar tafiyata, shi ya tsallakar da ni zuwa filin jirgin sama da ke Manda. Ko jakata ban gama gyarawa ba muka isa.