Tafiyar Ƙasa A Birnin Dikko Ta Fi Gudu A Ɗaki

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili in ba 'yan'uwana ma'aikata da malamai labarin abin da na gani a garinmu Katsina, ko wani ya amfana.

Ni akawu ne, aikina zama bisa kujera tun safe har la'asar. Bara likita ya auna ni, ya ce jinina ya hau, in ban motsa jiki ba abin zai fi haka. Sai na biya kuɗin wata a wani gidan motsa jiki, irin wanda ake gudu bisa na'ura. Kai, na sha mamaki! Mutum ya yi ta gudu har zufa ta jiƙa rigarsa, amma yana nan inda yake, bango na dubansa. Ran da aka ɗauke wuta kuwa, sai mu koma gida. Da wata ya ƙare na ga kuɗin sun fi ƙarfin albashina, na bari.

Da damina ta sauka, gari ya yi sanyi, sai na yi shawara in riƙa fita da ƙafa bayan sallar asuba, ina bin ƙofofin birni ɗaya bayan ɗaya. Na fara daga Ƙofar Guga, wata rana Ƙofar 'Yandaka, inda Gwamna Lugga ya shigo a 1903, sa'an nan Kwaya, da Ƙaura, da Durɓi, da Marusa, har Ƙofar Sauri. A nan aka haife ni, amma sai yanzu na san girman garin nan, domin mai babur ba ya ganin abin da mai ƙafa ke gani. Na ga masu ƙosai suna hura wuta, almajirai suna karatu, manoma sun saɓa fartanya sun nufi gona, kowa muka gamu sai gaisuwa.

Wata asuba na ratsa ta Gobarau, hasumiyar ƙasa da ake danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, a ƙarni na 15. Na tsaya gindinta na ce, magina sun hau nan da ƙasa a ka, ni kuwa matakala goma na sa ni haki. Ranar na ji kunya ƙwarai.

Na kuma je tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda aka mai da gidan tarihi. Nan Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Sardauna ya shahara da wasan nan na ƙwallon bango, wanda ake bugun ƙwallo da tafin hannu, har yanzu kuwa ana yinsa a Katsina. Haka kuma ƙwallon dawaki, watau holo, wanda Sarki Muhammadu Dikko ya kafa a nan, ɗansa Sarki Usman Nagogo, da ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya zama gwaninsa da aka sani har ƙasashen waje. Ashe manyanmu ba su ɗauki wasa a fili abin raini ba. Wanda bai da doki, ai yana da ƙafa, yara kuma ga langa da kokawa, ba a biyan ko kwabo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, watau rabin awa sau biyar. Wannan bai fi ƙarfin kowa ba. Amma fa a kula da lokaci: da bazara zafin Katsina kan wuce awo 40, saboda haka a fita da sassafe, a riƙe ruwan sha, mai ciwo kuma ya fara tambayar likita. Ni dai wata uku ke nan, barci ya daidaita, likita ya ce an sami sauƙi, alhamdu lillahi.

Sai abin baƙin ciki. Ganuwar da nake bi, a wurare da yawa ba ta nan. Wani wuri ruwa ya cinye, wani an ɗebe ƙasar an yi tubali, wani an gina shago a kai. Ina roƙon hukuma ta tsare ɗan abin da ya rage, ta share hanyar ƙafa a gefensa, a dasa itatuwa. Malaman makaranta kuma su riƙa fita da yara da hutu, su zaga ƙofofin nan, a sami lafiya a sami tarihi, kafin wata rana yaro ya tambayi ina ganuwa a rasa abin nuna masa.

Allah ya ba mu lafiya, ya ƙara wa jarida farin jini. Haza wasalamu.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Katsina.